Bayan Kirsimeti me za mu karanta, me za mu yi wa'azi a kai? Amsa ga wani sabon mai bishara

Wani yaro da aka tura ya riƙe ƙaramar majami'a a ƙauye ya turo min tambaya, yace Baba ni fa na rasa yadda zan yi da Lahadin da ke bin Kirsimeti har zuwa lokacin azumin kafin Ista, labarin haihuwa mun riga mun karanta, mutane sun watse, jadawalin karatu kuma sai tsalle yake yi daga jariri zuwa kisan yara zuwa bikin aure, shin akwai wani zare da ya haɗa su ne ko kowa wa'azin da ya ga dama yake yi.

Toh ɗana, zaren yana nan, kuma ba kai kaɗai ka rasa shi ba, ni kaina na yi shekaru ina tsayawa a bagade a wannan lokacin ina kame-kame kafin na gane.

Abu na farko da zaka cire a ranka shi ne wai Kirsimeti ya ƙare ranar 25 da yamma da zarar an cinye shinkafa an wanke tukwane. A tsarin shekarar ikilisiya da mu Lutheran muka gada, ranar 25 ga Disamba ce ranar farko, bikin kwana 12 ne, yana tafiya har 5 ga Janairu, sai 6 ga Janairu a shiga Efifani wato idin bayyanuwa. Shi yasa zaka ga farin ƙyalle bai sauka daga kan bagade ba. A Suwidin da Finlan har gobe 6 ga Janairu ranar hutu ce ta gwamnati. A Danmak kuwa, ƙasar da ɗan mishan likita Bronnum ya fito ya iso Numan a 1913, tun 1770 aka cire ranar daga cikin ranakun hutu, sai dai su yi ta a Lahadin da ke kusa, kaga kenan ba mu muka fara matsar da ita zuwa Lahadi ba, kuma ba zunubi bane. A Laifzig ta Jamus lokacin Bach, shahararren mai tsara waƙoƙin coci, waƙoƙin Kirsimetin da ya tsara a 1734 kashi shida ya raba su, ɗaya ranar 25, ɗaya 26, ɗaya 27, sai ranar sabuwar shekara, sai Lahadin da ta biyo, na ƙarshe ranar 6 ga Janairu, wato mutanen garin sau shida suka je sujada kafin su gama jin labarin. Mu nan kuma Lahadin bayan Kirsimeti rabin mawaƙan kwaya sun tafi gida hutu, sauran muryarsu ta dishe.

Yanzu dubi abinda ke biye da ranar 25. Washegari, 26 ga wata, da mu muka sani da ranar hutu da yawon gaishe-gaishe, a kalandar ikilisiya ranar Istifanas ce, wanda aka jajjefe da duwatsu a Ayyukan Manzanni sura 7, launin ranar ma ja ne. 27 ta manzo Yahaya. 28 ta yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka karkashe, 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, Matiyu 2:13-18. Mutum zai ce wane irin tsari ne wannan, jiya mala'iku na waƙar salama yau jini. Ai da gangan ne. Ana so ka san tun wuri cewa duniyar da yaron nan ya shigo ba ta yi masa shimfiɗa ba.

Kuma mu a Adamawa ba ma buƙatar wani ya fassara mana wannan surar. A ƙarshen 2014 da Mubi ta faɗi a hannun Boko Haram, mutanen Mubi da Michika da Madagali da ƙafa suka bi daji da tsaunuka, wasu suka nufo Yola wasu suka tsallaka Kamaru. A Lahadin bayan Kirsimeti ta wata shekara bayan haka na karanta wurin da mala'ika ya ce wa Yusufu tashi ka ɗauki yaron da uwarsa ka gudu Masar, kuma Matiyu yace da dare ya tashi. Wata mata a layin zumuntar mata, wadda na san da goyo ta yi wannan gudun, sai naga ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska. Bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofa tace, ashe Baba shi ma an goya shi an gudu da shi. Wa'azin da na shirya a ranar shafi uku ne, nata jimla ɗaya, kuma nata ya fi nawa. Abinda zan gargaɗe ka a nan, kada kayi saurin ɗaure wannan karatun da zare mai kyau. Matiyu ya kawo maganar Irmiya 31:15, Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa domin ba su, kuma bai ce mata tayi shiru ba. Kai ma kada ka ce wa uwar da ta binne ɗa tayi shiru. Abinda kake da shi da zaka ba ta shi ne yaron da ya tsira a daren nan ba don ya tsere wa mutuwa ya tsira ba, tana jiransa a Urushalima bayan shekara talatin da wani abu, kuma can zai shiga ta saboda yaran Baitalami da nata.

Sai 1 ga Janairu. Nan ne nake da ƙorafi, kuma zan faɗa ko ba za a ji daɗi ba. Mun mayar da daren 31 babban idi fiye da komai, coci cike har waje, ana ta shelar wannan shekarata ce, shekarar buɗi, shekarar ɗaukaka, amma da safe kowa na barci. Ban ce a daina sujadar tsallake shekara ba, godiya ga Allah da ya kai mu abu ne mai kyau. Sai dai a kalandarmu ranar 1 ga Janairu sunanta ranar kaciya da raɗa sunan Yesu, karatun bishararta aya ɗaya ce tak a tsohon tsari, Luka 2:21, da kwana takwas suka cika aka yi masa kaciya aka sa masa suna Yesu. Ƙirga da yatsa daga 25 zaka ga ranar takwas ta faɗo daidai 1 ga wata. Wannan ai ranar suna ce, kuma Bahaushe ya fi Bature fahimtarta, domin yadda Yahudawa ke ƙirga kwana takwas ɗin har da ranar haihuwa, daidai yake da namu na zagayowar rana, an haihu Alhamis suna Alhamis. Bambancin kawai a nan ba uba ko kaka ne suka zaɓi sunan ba, mala'ika ya riga ya kawo shi tun kafin a ɗauki cikin, kuma Matiyu 1:21 ya faɗi dalili, domin shi ne zai ceci mutanensa daga zunubansu. Haɗa shi da Galatiyawa 4:4-7, an haife shi ƙarƙashin Shari'a domin ya fanshi waɗanda ke ƙarƙashin Shari'a, kaga wa'azi ya haɗu da kansa, jininsa na farko da ya zuba a wannan ranar ne yana ɗan kwana takwas. Mutanen da suka kwana suna alkawarin bana na daina kaza na daina kaza, wanda kafin ƙarshen Janairu duk ya rushe, sun fi buƙatar jin wanda ya ɗauki Shari'ar a kansa ya cika ta.

Wannan ya kawo ni kan abinda nake ganin shi ne mabuɗin lokacin gaba ɗaya. Lokacin da Martin Luther, wanda muke amsa sunansa, yake ɓoye a gidan sarauta na Watbag daga 1521 zuwa 1522, banda fassarar Sabon Alkawari ya rubuta wa'azozi na lokacin jiran zuwan Almasihu da na Kirsimeti har zuwa Efifani, domin fastocin da ba su iya shirya wa'azi da kansu ba, irinku kenan da aka tura ƙauye ba littattafai. A gabatarwar ya ba da shawara ɗaya da har yau ban ga wadda ta fi ta ba, cewa in ka buɗe bishara ka fara karɓar Almasihu a matsayin kyauta da Allah ya ba ka, sai daga baya ka ɗauke shi abin koyi. In ka juya su ka mayar da Yesu wani sabon Musa.

Ni na juya su, shi yasa nake gaya maka. Farkon aikina an zo karatun Luka 2:41-52, Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, na tashi na zazzage wa matasa kwandon faɗa, ku dubi Yesu ya koma Nazarat yana biyayya ga iyayensa, ku kuwa an aike ku kasuwa sai gunaguni, iyaye suna ta gyaɗa kai ana amin amin, na sauko ina jin na yi aiki. Wani tsohon katikis da ya koyar da ni tun ina ajin baftisma ya kira ni gindin darbejiya yace, malam yau ka gaya mana abinda yaranmu za su yi, amma baka gaya mana ko wanene yaron ba. Yace kalmar farko da Yesu ya furta a duk bisharar Luka tana cikin karatun nan kuma ka tsallake ta. Na koma na duba, gaskiyarsa, Maryamu tace ga ubanka da ni muna ta nemanka, shi kuma ya amsa da zancen gidan Ubansa, wani Uban daban. Biyayyar tana nan, ban ce a goge ta ba, amma nauyinta daga nan yake fitowa, wanda Haikali gidan Ubansa ne shi ne ya koma ƙauye ana aikensa ɗebo ruwa.

In kuma shekarar da karatun Lahadin ya faɗo kan Luka 2:22-40 ne, toh ka samu dama. Arba'in ce aka yi, irin wadda matanmu suka sani, kwana 40 bayan haihuwa aka kai yaron Haikali, shi yasa ainihin idin yake 2 ga Fabrairu. Lura da hadayar, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, ka buɗe Littafin Firistoci 12:8 zaka ga wannan rangwame ne ga matar da ba ta da halin ɗan rago. Luka bai ce su talakawa bane, tattabarun ne suka faɗa. A majami'ar da mutum ke jin kunyar fitowa baikon godiya saboda abin hannunsa kaɗan ne, wannan ayar kaɗai ta isa wa'azi. Sannan ga tsofaffi biyu, Saminu da Hannatu, ita Luka ya ambaci shekara 84 a kanta. Waƙar Saminu, yanzu ya Ubangiji sallami bawanka lafiya gama idona ya ga cetonka, a al'adar Lutheran bayan Jibin Ubangiji ake rera ta, kuma dalilin shi ne abinda tsohon ya rungume a hannu shi ne kai ma ka karɓa a hannunka yanzun nan a bagade. Ka gaya wa jama'arka wannan sau ɗaya, ba za su sake rera ta suna neman takalmi ba. Amma kada ka tsaya a waƙar, karanta har inda yace wa Maryamu takobi zai soki ranta.

Efifani kanta, Matiyu 2:1-12. Yara a wasan Kirsimeti sun saba mana da sarakuna uku da rawani, amma buɗe ka gani, Matiyu bai ce uku ba bai ce sarakuna ba, masana taurari yace daga gabas, kyautar ce iri uku, zinariya da lubban da mur. Zancen sarauta da raƙuma daga sauran karatun ranar ya shigo, Ishaya 60:1-6 da Zabura 72. Kuma a gida suka same shi ba a komin dabbobi ba. Wannan gyara ne ƙarami, faɗe shi a minti ɗaya ka wuce, kada ka ɓata wa yara wasansu.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne hanyar da suka bi. Sun ga tauraro, hankalinsu ya ce musu sarki ai a fada ake haihuwarsa, suka zarce Urushalima, suka tarar ba kowa sai Hirudus. Abinda ya nuna musu Baitalami, tafiyar kilomita tara kacal, ba tauraro bane, aya ce daga annabi Mika 5:2 da malaman Attaura suka karanto. Luther ya daɗe a kan wannan wurin a wa'azinsa, cewa sai da Kalmar ta sa su a hanya sannan tauraron ya sake fitowa. A zamanin da kowa ke neman mai gani, mai mafarki, wanda zai faɗa masa abinda shekara ta ƙunsa, wannan wa'azi ne da ya dace da Janairu. Ga kuma abin tsoro a ciki ga mu masu riƙe da littafi, malaman nan sun san ayar da ka, sun ba baƙi kwatance daidai, amma ko ɗaya a cikinsu bai ɗaura takalmi ya bi su ba. Sannan karatun wasiƙa, Afisawa 3:1-12, ya faɗi ma'anar ranar a fili, al'ummai ma abokan gado ne. Wato ranarmu ce, Bachama da Longuda da Kilba da Chamba da Bahaushe da Bature ɗan Danmak duk ta ƙofar nan muka shigo, babu ɗan gida a cikinmu. In majami'arka irin wadda ake zaɓen dattawa ta layin ƙabila ce, ka san inda zaka taɓa, a hankali dai.

Daga nan sai launi ya koma kore, banda Lahadin farko ta baftismar Ubangiji da ta ƙarshe, su fari ne. Tsawon lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya saboda Ista ke jan sa, misali a 2024 Larabar toka, wato ranar farko ta azumi, ta faɗo 14 ga Fabrairu, a 2025 kuma sai 5 ga Maris, kaga bambancin kusan sati uku, don haka ka ƙirga Lahadinka tun farkon shekara kada ka shirya jerin wa'azi takwas ka tarar shida gare ka.

Baftismar Yesu a Urdun ita ce inda muryar ta fito daga sama, wannan Ɗana ne ƙaunatacce. A ikilisiyoyin gabas ma wannan ne babban abin da suke tunawa a idin bayyanuwa, a Habasha shi ne bikin Timkat na watan Janairu. Tambayar da zaka sa a gaban jama'a ita ce wadda Yahaya Maibaftisma kansa ya yi, me marar zunubi yake nema a layin masu tuba. Ya shiga layinmu ne. Ranar ce mafi dacewa ka ɗauko ƙaramin katikisma na Luther na 1529 ka sa su maimaita sashen baftisma, inda yace kullum a nutsar da tsohon Adamu ta wurin tuba sabon mutum ya fito, kullum fa, ba sau ɗaya a daren 31 ba.

Auren Kana, Yahaya 2:1-11, shi ma kada ka mayar da shi taron nasiha ga ma'aurata kawai, ko gardamar giya da za ta cinye maka lokaci. Yahaya da kansa ya faɗi dalilin da ya sa ya rubuta, aya 11, ya bayyana ɗaukakarsa almajiransa suka gaskata da shi, kalmar bayyana ɗin ita ce sunan lokacin. Randuna shida na dutse, kowace tana cin kusan lita 100, wato gaba ɗaya wajen jarka 24 irin mai lita 25, a bikin ƙauye, kuma uban biki bai san daga ina ya fito ba, masu ɗebo ruwan ne suka sani. Ina son wannan wurin ƙwarai, kuma matan da ke bayan coci suna girki duk ranar biki suna son sa in an nuna musu.

Game da tsalle-tsallen da kace jadawali na yi, ya danganta da wanda ke hannunka. Akwai tsohon tsari na shekara ɗaya da Luther ya yi wa'azi a kai, akwai na shekara uku da aka fitar a 1992 wanda Lutheran da yawa a duniya ke bi, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, ikilisiyar Danmak kuma nata jeri biyu ne tana musanyawa. A na shekara ukun, bayan baftisma zaka ga kiran almajirai, a shekarar Matiyu a shiga wa'azin kan dutse, ta Markus a yi ta warkarwa a sura ta farko, ta Luka a fara da majami'ar Nazarat inda 'yan garinsu suka so tunkuɗa shi daga kan tudu, wasiƙa kuma yawanci Korantiyawa ta fari ce. Bi wanda diyosis ɗinku ya ba ku. Shaidar bangaskiyarmu ta Lutheran, ta Ogsbag ta 1530, a sashe na 7 ta ce ba dole bane al'adun da mutane suka tsara su zama iri ɗaya a ko'ina, don haka ba wanda zai shiga wuta don ya karanta Kana a Lahadin da ba tata ba. Amfanin jadawalin a wurina shi ne yana hana ni hawa dokin da nake so kullum, in an bar ni da zaɓina ba zan taɓa karanta kisan yaran Baitalami ba.

Lahadi ta ƙarshe kafin azumi ita ce ta sākewar kamanni a kan dutse. Katolika 6 ga Agusta suke idinta, Lutheran ne tun ƙarni na 16 suka kawo ta ƙarshen wannan lokacin, kuma inaga sun yi dabara, domin muryar da aka ji a Urdun a farkon lokacin ita ce ake sake ji a ƙarshensa, sai dai an ƙara kalma, ku saurare shi. Daga dutsen nan sai gangara zuwa Urushalima. A wurare da yawa ranar ce ake rera halleluya ta ƙarshe sai kuma Ista, in zaku yi haka ku gaya wa shugaban kwaya tun sati biyu kafin nan, in ba haka ba Lahadin farko ta azumi da ita zai buɗe.

Batun watsewar mutane kuma, kada ya sa ka rage shiri. Sanyin hunturu, aljihu ya bushe, ga kuɗin makaranta, 'yan birni sun koma, zaka tarar da mutum ashirin galibi tsofaffi da yara. Ka gajarta sanarwa, ka zaɓi waƙoƙin Kirsimetin da suka iya da ka tunda har yanzu lokacinsu ne, in ba mai kiɗa a rera haka nan, wa'azin minti goma sha biyar kan aya ɗaya ya wadatar. In kana so ka turo min ranakun Lahadin bana da karatun da aka ba ku, zan nuna maka wace aya zan tsaya a kai a kowanne in ni ne, amma rubutun wa'azin kai zaka yi, tunda kai ka san wanda ya yi rashi da wanda ya yi haihuwa a garin.